ZARE: Motar da za ka iya saya daban, motar da za ka iya riƙewa daban

1/ Jama'a, tun jiya ake ta musu a nan kan Toyota da Honda da Mercedes, kowa na kuranta tasa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, yau dai zan amayar. Ni ba dillalin mota ba ne, ko keke ban mallaka ba. Ɗalibi ne ɗan aji huɗu a sashen injiniya. Amma mota ta taɓa cinye kuɗin gidanmu, kuma da hannuna a ciki. 🧵

2/ A farkon 2022 Baba ya karɓi giratutinsa bayan shekara 35 yana koyarwa. Ya ce mota ɗaya yake so, wadda za ta riƙa kai shi masallaci da asibiti da ƙauye har iya rayuwa. Amininsa, wani tsohon makanike da muke kira Kawu, ya ce masa: "Malam, nemi Corolla mai tsabta ka huta."

3/ Ni kuwa lokacin ina aji ɗaya, kai ya fara kumbura, ina jin na zama injiniya. Na buɗe waya na nuna wa Baba wata motar Turai baƙa wuluk, kujerun fata, rufi mai buɗewa. Kuɗinta ma bai kai na Corollar ba. Na ce: "Baba, shekara 35 kana shaƙar alli, ka shiga motar da za a san ka huta mana."

4/ Ba zan kama sunanta ba, don laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Ranar da aka je dubawa Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga bonet, ya mayar ya rufe. Abin da ya ce kawai: "Injiniya, kyan ɗan maciji ke nan. Wa zai gyara muku?" Na ce a raina tsoho ya maƙale a zamanin 504. Baba ya bi tawa.

5/ Wata bakwai muka yi muna shan iska. Sai wata fitila ta kama a dashbod. Sai giya ta fara fizga. Makanike na farko ya canza abu da ka, na biyu ya canza wani, na uku ya ce sai an kai ta Abuja an jona mata kwamfuta. Abin da ake nema babu shi a Ƙofar Ruwa, sai oda daga Legas, shi ma na hannu.

6/ Ana cikin haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi ya bi ta sama.

7/ Motar nan ta yi wata 14 a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta ɗaki. Ƙarshe masu yanka mota su sayar da kayanta ne suka ɗauka a wulaƙance. Baba bai taɓa ce min "kai ka jawo" ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

8/ Shi ya sa da lokacin IT ya zo ban nemi ofis mai sanyi ba, na tattara na tafi garejin Kawu, wata shida cur. Abin da zan faɗa daga nan rabi daga aji na samo shi, rabi daga kwanciya a ƙarƙashin mota baƙin mai na ɗiga min a fuska.

9/ Ra'ayina a taƙaice: ingancin mota a ƙasar nan abu huɗu ne a haɗe. Yadda aka ƙera ta. Ko makaniken garinku ya san cikinta. Ko kayanta suna kasuwa. Ko za ka sami mai saye ranar da ka matsu. Tambarin da ke gaban bonet labarin na farkon kawai yake ba ka, sauran ukun sai ka bincika da ƙafarka.

10/ Misali mafi sauƙi shi ne Peugeot 504, Fijon iyayenmu. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Faransawa sun daina ƙera 504 a gida a 1983, amma a nan aka ci gaba da ita har cikin shekarun 2000.

11/ Me ya ba ta wannan sarauta? E, tana da ƙwari, ƙafafunta na shanye ramuka. Amma babban sirrin shi ne ko a Gwaram ta tsaya maka ko a Illela, akwai yaron gareji da zai kwance kafireta ya hura ya mayar. Fulogi, fanbel, kulochi, kowane shago akwai. Ba ka kwana a hanya saboda ita.

12/ Da harkar harhaɗawa ta yi sanyi, motocin Japan na hannu da muke ce wa tokumbo ko Baljiyam suka cika kasuwa, makanikai suka koma koyon Toyota, 'yan kasuwa suka koma shigo da kayanta. Ƙarfen 504 bai canza ba. Jama'ar da ke kewaye da ita ce ta watse, sarauta ta koma wani gida.

13/ To mu zo kan mai sarautar yanzu. Tun 1966 ake yin Corolla, kuma zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50 a duniya. Wadda ta cika titunanmu, ta 2003 zuwa 2008, injinta 1.8 ne mai suna 1ZZ-FE. Babu abin burgewa a jikinta: ciki roba, gudu daidai gwargwado, yarinya ba za ta waiwayo ba don ka wuce. 😂

14/ Amma duba cikinta. Tayimin ɗinta sarƙa ce, ba bel ba, don haka babu fargabar ya tsinke maka tsakanin Zariya da Kano. Giyarta ta atomatik mai hawa huɗu ce, tsohon yayi, marar rikici. Ba turbo. Wayoyi kaɗan. Duk abin da babu shi a mota ba zai taɓa lalacewa ba, wannan shi ne darasin farko da Kawu ya koya min.

15/ Kuma Toyota ba ta gaggawar canza abu. Inji ɗaya za ta dasa a motoci da yawa ta yi shekaru tana amfani da shi. Sakamakon haka a wurinmu: kayan hannu sun yi yawa, farashi ya sauka, kowane makanike ya kwance irinsa sau ɗari. Ko ya yi kuskure a kan motar wani ya yi, kafin taka ta zo ya ƙware.

16/ Kafin 'yan Toyota su fara tafi, ku tsaya. Ita ma tana da nata. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, mai inji 2.4 ɗin nan 2AZ-FE, an san ta da shan baƙin mai saboda zoben fistin. Dashbod ɗinta kuma na narkewa ya yi danƙo a rana. Kamfanin da kansa ya amsa matsalolin biyu a Amurka ya yi wa mutane gyara.

17/ Sai harajin suna. Saboda kowa ita yake nema, za ka ga Corolla da ta haura shekara 18 a duniya, ta sha wuya, ana kiran kuɗin da zai sayi motar wani kamfani da ta fi ta ƙuruciya nesa ba kusa ba. Wani lokacin kuɗin ya cancanta. Wani lokacin tambari kawai ka saya, injin ya riga ya gama aiki a hannun ɗan tasi.

18/ Farin jinin nan yana da wasu 'ya'ya biyu marasa daɗi. Na ɗaya, jabun kaya: abin da aka fi saye shi aka fi kwaikwaya, fulogi da filta da birki na bogi a cikin kwali mai kyau. Na biyu, ɓarawo ma ya san wace mota ce kayanta ke tafiya da wuri. Mai Corolla ko Hilux ya sa ido.

19/ Honda fa? Gaskiya ina son Honda. Injinta 2.4 na K24 da ke cikin Accord ta 2003 zuwa 2007, End of Discussion da Discussion Continues, inji ne da ake girmamawa a duniya. Shi ma sarƙa gare shi. Ta fi Camry daɗin tuƙi, ta fi ta tashi, kuma sau da yawa ta fi ta araha a kasuwar tokumbo.

20/ Amma kowa ya taɓa ganin Accord a tsakiyar titi ta durƙusa, tayar gaba ta karkace kamar raƙumi ya gurfana. Shi ake ce wa cire ƙafa. Dalili: a tsarin ƙafarta bol-joyin na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin motar. In ya cinye a ramukanmu, ko aka sa na bogi, sai ya fita gaba ɗaya.

21/ Ba ya fita ba sallama fa. Yana fara ƙara, sitiyari ya yi ta kuka in ka juya. Mai kula zai canza tun lokacin, ya sa na asali. Mai cewa "bari dai wata ya ƙare" shi ne za ka gani a shataletale ya ɗora hannu a ka. Honda mota ce mai kyau ga mai jin magana in ta yi masa magana.

22/ Abu na biyu, giyar Honda ba ta son man kowa sai nata. Zuba mata kowane jan mai da aka samu a bakin titi hanya ce ta kashe giyabos a hankali. Masu V6 kuma su sani nasu tayimin bel ne, in ya tsinke inji na tafiya bawul da fistin za su gwabza, sai dai a kwance inji.

23/ Yanzu ga motar da ta fi tabbatar da maganata: Pontiac Vibe. Pontiac na kamfanin General Motors ne na Amurka, kuma an rufe shi tun 2010. A ƙa'ida motar kamfanin da ya mutu guje mata ake yi. Amma leƙa Kano, Katsina, Gusau, ka ƙirga Vibe nawa za ka gani kafin ka kai kasuwa.

24/ Sirrin shi ne Vibe Toyota Matrix ce da ta sa rigar Amurka. A masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors a Kalifoniya aka ƙera ta, injin Corolla ne a cikinta. Makanikanmu sun gano haka tun kafin mu 'yan intanet. Inda za ka ɗan sha wuya kawai kayan jiki ne: fitila, bamba, gilashi, don su nata ne na kanta.

25/ Haka Lexus. ES350 da RX350 injinsu V6 ne 2GR-FE, irin wanda ke cikin Camry mai V6, Avalon, Highlander da Sienna. Shi ya sa in dole sai ka yi ƙarya, Lexus ce ƙaryar da ta fi sauƙin riƙewa. Amma V6 V6 ne, gidan mai zai san sunanka da na kakanka.

26/ Motocin Jamus. Nan ne za a zage ni, na shirya. Ba na cewa Mercedes ko BMW ba su da kyau. A kan titi mai kyau, da gudu, babu motar Japan ta talaka da za ta ba ka wannan natsuwar. Tsofaffin ma irin 190 da V-boot har yau suna yawo, wasu sun girmi masu tuƙa su.

27/ Sai dai na baya-bayan nan an ƙera su ne bisa sharaɗi: baƙin mai takamaimai, sabis a kan lokaci, makanike mai kwamfuta da ya san abin da yake karantawa. Sensa ko'ina, wasu ƙafafunsu na iska ne. Bajamushe ya ɗauka za ka cika sharaɗin. Bajapane ya ɗauka za ka yi sakaci, sai ya bar maka rara.

28/ Shi ya sa suke araha a hannu na biyu da na uku. Ka tambayi kanka: motar da sabuwarta ta ninka Corolla kuɗi, me ya sa yau ta fi Corolla araha? Kasuwa ba mahaukaciya ba ce. Ragin da aka yi maka kuɗin gyaran da ke jiranka ne. Tambayar da ban yi ba ke nan a 2022.

29/ Hyundai da Kia sun yi nisa sosai, kuma kuɗinka zai sayo maka sabuwa-sabuwa. Matsalarsu biyu a nan: kayan hannu ba su kai na Toyota yawa ba in ka bar manyan birane, kuma ranar sayarwa sai ka yi haƙuri. Sannan a kula da Sonata ta 2011 zuwa 2014, an yi musu kiranye a Amurka kan matsalar inji.

30/ Nissan kuma tsofaffinta jarumai ne, tambayi duk wanda ya yi haya da Sunny ko Primera. Inda ake kuka shi ne giyar CVT da ke cikin irin su Altima da Murano, har kamfanin ya tsawaita garantinta a Amurka. Ba ta son zafi, ba ta son man da ba nata ba, kuma masu gyaranta a nan ba su da yawa.

31/ In kana son sanin gaskiyar mota, bar masu bita a YouTube, je tasha. Direban haya ba ya soyayya da tambari, lissafi yake yi. Me ke lodi? Golf, Sharan, Hiace, Sienna. Lura da kyau: Golf da Sharan na Volkswagen ne, wato Jamus. Ashe ba ƙasar ce matsala ba.

32/ Golf 3 ta zauna a tasha ne don giyar hannu ce, injinta a fili yake, kayanta sun cika Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma a ɗaure mata buhu goma ta tashi. Duk sharuɗɗa huɗun nan ta cika su. Ita da motar da na sa Baba ya saya nahiya ɗaya suka fito, amma rayuwarsu a Kano ko kusa ba ɗaya ba.

33/ Mu hau manya. Hilux tun 1968 ake yin ta, kuma sunanta ya wuce talla. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987 har yau Yaƙin Toyota ake ce masa, saboda sojojin Chadi a kan Hilux da Land Cruiser suka ɗora makaman fasa tanka suka fatattaki rundunar da ta fi su tankoki da jirage.

34/ Har gobe direbobin da ke keta sahara daga Agadez su suke hawa, don a wurin in mota ta mutu kai ma kana iya binta. Amma kai da zirga-zirgarka daga Hotoro zuwa Zoo Road ce, me za ka yi da Hilux? Tsada, shan mai, ga tsalle in bayanta ba kaya. Ƙarfin da ba ka amfani da shi ma biyansa kake yi.

35/ A manyan motoci lissafin ya fi fitowa fili, don gingimari ma'aikaciya ce. Mai tirelar da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, in ta kwana biyar a gareji ana jiran kaya, asararsa ba kuɗin gyara ba ne kawai. Lodi ya wuce shi, direba da yaron mota na cin abinci, mai kaya ya koma wurin wani.

36/ Shi ya sa tsohuwar Mercedes 911 mai gajeren hanci ta ƙi mutuwa, haka tsofaffin DAF da MAN da ƙaramar Canter. Famfon mansu na ƙarfe ne, ba ruwansu da kwamfuta. Su lalace a dajin Birnin Gwari ko a Mokwa, da sifana da guduma da basira za a tashe su.

37/ Sababbin na Turai kuwa an yi su ne don dokar hayaƙi ta can: ƙwaƙwalwa, sensa, ruwan AdBlue, da allurar mai da ke son dizal mai tsabta. A ba su gurɓataccen mai na bakin hanya su fara tari. Motar da ta fi kyau a Rotterdam tana iya zama wadda ta fi ba ka hawan jini a Potiskum.

38/ Nan Howo ta China ta shigo. Manyan direbobi za su ce maka ba ta kai DAF ƙwari ba, kuma ban musa ba. Amma sabuwa ce a kuɗin da ba zai sayi sabuwar Turai ba, kayanta araha kuma ko'ina, har Dangote ya haɗa gwiwa da Sinotruk ana harhaɗa su a Legas. Labarin 504 ne yake maimaita kansa da wata fuska.

39/ To mu yi lissafi, don nan ne mu matasa muke faɗuwa. Kuɗin mota na gaskiya shi ne: abin da ka biya, a tara da mai, a tara da gyara, a tara da kwanakin da ta yi a gareji kana hawa adaidaita, sannan a cire abin da za ka samu ranar da ka sayar. Mu kuwa na farkon kawai muke kallo.

40/ Misali. Mu ce kana cin kilomita 1,000 a wata. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha 80. Jif mai V6 mai shan 13 za ta sha 130. Bambanci lita 50. In lita naira 900 ce, 45,000 ke nan a wata, 540,000 a shekara, miliyan 2.7 a shekara biyar. Ba a taɓa ko fulogi ba tukuna.

41/ Sai ranar sayarwa. Maƙwabcinmu ya sayi Corolla a watan da muka sayi tamu. Da buƙata ta taso masa a 2024, kwana uku ta yi aka biya, har da kuɗi sama da yadda ya saya. Ba riba ya ci ba, naira ce ta faɗi, kuɗin ba zai sayo masa wadda ta fi ta ba. Amma dukiyarsa ta tsira. Tamu ta narke a gindin bishiya.

42/ A gida irin namu mota asusu ce. Ranar da aka kwantar da wani a asibiti, ko kuɗin makaranta ya taso, ko aure, ita ake fara kallo. Motar da za ta koma kuɗi cikin mako ɗaya da wadda za ta yi wata shida dillalai na yi mata tayin rainin hankali ba darajarsu ɗaya ba, ko da rana ɗaya aka saye su kuɗi ɗaya.

43/ Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin motocin da muke zagi mu muka kashe su. A wata shidan nan na ga abubuwa. Mota na zuwa daga waje, abu na farko a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi. Sai inji ya daina kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai, ya riƙa cinyewa da wuri.

44/ A lagireto ruwan rijiya muke zubawa maimakon ruwansa na musamman, tsatsa ta cinye ciki. Baƙin mai sai na awo a galan, kauri kamar kunu, a injin da aka rubuta masa siriri a kan murfi. A fasa salansa a cire indomi a sayar. Fitilar gargaɗi ta kama a manna mata baƙin tef. Sannan mu ce kamfani kaza ba shi da kyau.

45/ Ko Corolla aka yi wa haka za ta mutu, illa dai ta fi jurewa kafin ta mutu. Shi ya sa nake cewa Honda ko Kia da aka riƙe da amana ta fi Toyota da aka azabtar. Tarihin wannan motar da ke gabanka ya fi tarihin kamfaninta muhimmanci.

46/ In za ka saya, ko za ka raka wani, ga abin da Kawu ke yi. Da sassafe yake zuwa, kafin a tayar da ita, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Shuɗin hayaƙi, tana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, ko kumfa kamar madara a murfin mai, ruwa na shiga inda bai kamata ba.

47/ Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ka nemi tsatsa da laka. Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin hatsari da na ambaliya na Amurka ake sayo su. Lambar VIN mai harafi da lamba 17 tana jikin gilashin gaba, a bincika ta a intanet. Kuɗin binciken bai kai na taya ɗaya ba.

48/ Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke dashbod, ana mayar da ita baya. Dubi sitiyari da feda da kujerar direba, su ba sa ƙarya. In daga Amurka take, mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. A jona kwamfuta. A tabbatar da takardun kwastan. Kuma makanikenka za ka kai, ba na dillali ba.

49/ Sai gwajin da ya fi duka, kuma kyauta ne. Kafin ka biya, shiga kasuwar kayan mota ta garinku ka tambayi kuɗin abu biyar na wannan motar: famfon mai, shakazoba, fitilar gaba, birenbos, giyabos na hannu. In mutum uku a jere suka ce "sai dai a yi maka oda", ka samu amsarka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

50/ Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Ka rage wani abu na sabis ɗin farko, tayoyi, batir da abin da ba ka zata ba. In sayen motar zai bar ka ba ko sisi, ba ka kai ga wannan motar ba tukuna, sauka ƙasa kaɗan. 'Yan'uwa mata, ku ma da ku nake, na ga yadda dillalai ke muku da fenti mai ƙyalli.

51/ In an matsa min sai na zaɓa wa mai ƙaramin ƙarfi a Arewa yau: Corolla, Matrix ko Vibe mai tsabta a farko. Accord ko Civic mai silinda huɗu in zai kula da ƙafa da man giya. Motar Jamus in yana da wata motar, da makaniken da ya san ta, da kuɗin da ba zai yi kuka ba in sun tafi.

52/ Baba yanzu babur ɗin ƙanina ne ke kai shi masallacin Juma'a, yana riƙe da babbar riga kada ta shiga taya. Duk ranar da na gani sai na kau da kai. Na yi wa kaina alkawari albashina na farko da ya isa, mota zan saya masa, kuma Kawu ne zai zaɓa, ni direba kawai zan zama.

53/ Na san masu Mercedes na nan tafe, bismillah, filin naku ne. Amma duk wanda zai yi musu ya faɗi abu uku: shekara nawa motar ta yi a hannunsa, a wane gari yake, kuma nawa ya kashe mata bara. Masu tuƙa ta Alhaji ba sa ciki. 😂 Wanda ke shirin sayen mota a gidanku, tura masa zaren nan kafin ya biya. Allah Ya sa mu dace.